Yadda ake gane baget na ƙwarai a gidan burodi da kasuwar manoma

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na taɓa cin dogon burodin nan na Faransa da ake kira baget a wata tafiya da na yi, kuma har yau ɗanɗanonsa bai bar bakina ba. Tun da na dawo nake zagaya gidajen burodi da kasuwar manoma ina saye, amma ko dai in samu mai laushi kamar soso, ko kuma mai taurin da sai an yi kokawa da shi. Yaya zan gane na ƙwarai kafin in miƙa kuɗina, kuma a ina ya fi dacewa in nema?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: yadda za ka gane baget mai kyau da ido da hannu, da kuma wurin da ya fi dacewa ka nufa. Ba zan kama maka sunan wani shago ba, domin ko da na san garin da kake, ingancin baget yana bin hannun mai kwaɓi ne, ba allon da ke bakin ƙofa ba. Mai kwaɓin ya bar aiki yau, mako mai zuwa burodin gidan ya zama wani abu dabam. Abin da zai yi maka amfani shi ne ka san alamomin da kanka.

Matsaloli biyun da ka ambata ba uwarsu ɗaya ba. Mai laushi kamar soso, tun a wurin haɗi aka ɓata shi. Mai taurin nan kuwa sau da yawa burodi ne mai kyau wanda ka riske shi a makare. Amma dukkansu akwai maganar lokaci a ciki: baget yana son a ba kwaɓinsa awanni masu yawa kafin ya shiga wuta, sannan a cinye shi cikin awanni kaɗan bayan ya fito.

Abin da ke cikinsa

Kayan haɗin baget huɗu ne: fulawar alkama, ruwa, gishiri, da yis ko kwaɓin tsami, wato kwaɓin fulawa da ruwa da aka bari ya yi tsami, wanda ke sa burodi tashi a madadin yis. Babu sukari, babu mai, babu madara, babu ƙwai. A Faransa wannan har a doka yake. Dokar 13 ga Satumban 1993 ta ce duk burodin da za a sayar da sunan "na gargajiyar Faransa", wanda a shagunansu ake taƙaita shi a ce tradition, ba za a zuba masa sinadaran gyaran kwaɓi ba, kuma ba za a daskarar da shi a firiza ba a kowane mataki. Ɗan abin da ta yarda a ƙara wa fulawar shi ne garin wani nau'in wake da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, garin waken suya kashi 0.5, da garin tsiron alkama kashi 0.3. Akwai kuma dokar 25 ga Mayun 1998 da ta hana shago kiran kansa gidan burodi sai in a nan ake kwaɓawa, a bari ya tashi, a mulmula, a gasa. A watan Nuwamban 2022 hukumar UNESCO, a zamanta na Rabat, ta sanya sana'ar yin baget da al'adar cinsa cikin kayan gadon ɗan Adam.

Amma ka lura, waɗannan dokoki a iyakar Faransa suka tsaya. A ko'ina kuma, duk wanda ya mulmula kwaɓi ya yi shi dogo yana iya kiransa baget, ba wanda zai ce masa uffan. Yawancin masu laushin da kake saye kwaɓin burodin yanka ne, mai sukari da mai, aka miƙar da shi kamar sanda. Mai yana hana ɓawo yin garas-garas, sukari kuma yana sa bayan ya yi ja da wuri tun ɓawon bai yi kauri ba. Idan akwai takardar kayan haɗi a jiki, karanta ta. Da zarar ka ga sukari ko mai a ciki, ajiye shi.

Ga awon da masu sana'ar ke aiki da shi, don ka san abin da kake tambaya a kai. A kan kilo 1 na fulawa ana zuba ruwa giram 650 zuwa 750, gishiri giram 18 zuwa 20, sai yis ɗan kaɗan, sau da yawa ƙasa da giram 10 na ɗanye, wato wanda ba busasshe ba. Ana yanka kwaɓin curi-curi, kowanne wajen giram 350, wanda bayan gashi yake komawa kusan giram 250 saboda ruwan da ya fita. A gasar baget ta birnin Paris, wadda ake yi duk shekara tun 1994, kuma wanda ya ci ta yake kai burodi fadar shugaban ƙasa ta Elysee na tsawon shekara guda, akwai ƙa'idar nauyi da tsawon da ake son kowane baget ya cika.

Dalilin da ya sa gaggawa ke kashe shi

Tunda babu sukari babu mai, duk daɗin baget daga fulawar kanta yake fitowa, kuma fulawa ba ta sakin daɗinta da sauri. Yayin da kwaɓi ke zaune, wasu sinadaran da ke cikin garin suna farfasa sitaci suna mai da shi sukari, yis yana cin wani ɓangare yana fitar da iska da ƙamshi, ragowar kuma ita ke ba ɓawo launi da gardi a cikin wuta. Wannan aiki yana ɗaukar awa uku zuwa sama a ɗaki, ko kwana guda a firji mai sanyin digiri 4 zuwa 5. Mai son ya fitar da burodi cikin awa biyu sai ya ninka yis, ya ƙara sinadarin kumburi. Burodin zai tashi ƙato, amma a baki salam.

Sai kuma maganar inji. Idan aka bar injin kwaɓi yana gudu da ƙarfi na tsawon lokaci, iska tana shiga kwaɓin ta kashe launin rawaya-rawayan da ke cikin alkama, wanda kuma yake tafe da wani ɓangare na ƙamshinta. Shi ya sa cikin irin wannan burodi yake fitowa fari fat kamar auduga. Malamin burodi na Faransa Raymond Calvel ya yi shekaru yana yaƙi da wannan ɗabi'a, kuma shi ya yaɗa dabarar haɗa fulawa da ruwa kaɗai a bar su su huta minti 20 zuwa 30 kafin a zuba gishiri da yis, domin kwaɓin ya yi danƙo da kansa ba sai an wahalar da shi a inji ba. Saboda haka farar tsoka a cikin baget ba abin yabo ba ce. Na ƙwarai cikinsa yana da ɗan duhu, kamar launin man shanu mai haske.

Na uku shi ne tanda. Ana gasa baget a zafin digiri 240 zuwa 250 na minti 20 zuwa 25, kai tsaye a kan daɓen dutse mai zafi, kuma ana busa tururi a ciki daidai lokacin da aka zura shi. Tururin yana hana fatar kwaɓin bushewa a mintunan farko, sai burodin ya samu damar buɗewa, daga baya fatar ta zama ɓawo siriri mai sheƙi. Gidan burodin da tandarsa ba ta da tururi zai ba ka baget mai baya fari-fari, busasshe, mai kauri, komai kyan kwaɓinsa.

A gaban kanta

Fara da launi. Kana neman ja mai zurfi wanda ya doshi ruwan ƙasa, kuma ba launi ɗaya tun daga kai har gindi ba: gefen tsagar ya fi duhu, cikin tsagar ya fi haske. Mutane da yawa suna zaɓar mai haske don suna ganin ja ƙuna ne. Kuskure ne, domin rabin daɗin baget a ɓawo yake, kuma ɓawon da bai gasu ba zai yi laushi kafin ka isa gida. Baƙi mai ƙauri ne kawai abin gudu.

Sai tsagar da ke bayansa. Mai gashi yana yi wa baget tsaga da reza kafin ya zura shi, yawanci biyar zuwa bakwai, kusan a miƙe da tsawon burodin, kowacce ta ɗan hau kan ta gabanta. Idan kwaɓin ya tashi daidai kuma wuta ta yi, kowace tsaga tana buɗewa, gefe ɗaya ya ɗaga kamar kunne, har in ka shafa da yatsa ka ji kaifinsa. Tsagar da ta kwanta shafal kamar zane tana nuna kwaɓin ya wuce lokacinsa kafin a gasa, ko tururi bai isa ba. Burodin da ya fashe ta gefe, inda ba a tsaga ba, an yi masa gaggawa ne, bai gama tashi ba. Idan ka ga ƙananan ƙuraje-ƙuraje a jikin ɓawon, kada su dame ka, alamar kwaɓi ne da ya kwana a sanyi.

Yanzu juya shi ka dubi ƙasansa. Wannan ita ce alamar da na fi dogara da ita, kuma ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu. Baget ɗin da aka gasa a kan dutse ƙasansa a shimfiɗe yake, da ɗan gari-gari, launinsa ba daidai ba. Wanda aka gasa a tiren ƙarfe mai huji-huji kuwa ƙasansa a zagaye yake kamar kwaroro, da ɗigo-ɗigo a jere reras kamar an buga da hatimi. Irin wannan tire shi masana'antu da manyan kantuna ke amfani da shi. Ba duk mai ɗigon ne marar kyau ba, akwai ƙananan masu gashi da ke amfani da tiren don shi tandarsu ke ɗauka, amma in ka haɗa ɗigon da farin baya da burodi ashirin masu kama ɗaya sak kamar an zuba su a ma'auni, to daga masana'anta ya zo.

Ɗauke shi a hannu. Ya kamata ka ji bai kai nauyin da idonka ya zata ba, amma ba fayau kamar balan-balan ba. Na gargajiya ya fi siranta, kawunansa biyu sau da yawa masu tsini ne saboda da hannu aka mulmula. Ɗan matsa tsakiyarsa a hankali kusa da kunnenka: za ka ji ɓawon yana ƙaras-ƙaras, in ka saki ya dawo. Wanda ya lotsa shiru ba ƙara, ɓawonsa ya sha danshi. Wanda ya ƙi motsi sam ya kwana. A wuraren da ba a yarda mai saye ya taɓa burodi ba, ka roƙi mai shagon ya juya maka shi, ya kuma matsa ka ji. Mai alfahari da aikinsa ba ya jin haushin wannan.

Sauran gwajin sai ka saya. Yanka shi a tsaye, daga kai zuwa gindi, ka buɗe kamar littafi. Kana son ka ga ramuka manya da ƙanana a cakuɗe, wasu kamar ƙwayar gero, wasu babban yatsa zai shiga, bangon ramukan yana ɗan ƙyalli. Ramuka ƙanana masu girma ɗaya alamar kwaɓi ne mai ƙarancin ruwa da aka daka a inji. Danna tsokar da yatsa, ta lotsa ta dawo, kada ta dunƙule ta zama ƙullu. Sansana: ƙamshin alkama da gardin gashi, wani lokaci da ɗan tsami mai sauƙi. Warin yis mai hawa kai yana nufin an cika shi. A baki kuma ya kamata ya sa ka tauna, gishirinsa ya fito, ɗan zaƙi ya biyo baya a ƙarshe duk da ba a sa sukari ba.

Wane gidan burodi

Wuraren da ke sayar da baget iri uku ne. Akwai masu kwaɓawa su gasa a wurin. Akwai masu karɓar gasasshe daga wani wuri da safe. Akwai kuma masu sayo wanda aka gasa rabi a masana'anta aka daskarar, su ƙarasa shi a ƙaramar tanda a bayan kanta. Wannan na ukun ya fi yaudara, saboda shagon yana ƙamshi kuma burodin da zafinsa. "Yanzu ya fito daga wuta" gaskiya ce, amma ba ita ce tambayar ba. Irinsa ɓawonsa yana ɓarewa falle-falle yana zubewa, kuma cikin awa biyu zuwa uku ya bushe ƙamas, don sau biyu aka kore masa ruwa.

Tambayoyi biyu sun isa. Na farko: a nan kuke kwaɓawa, kuma yaushe aka kwaɓa wannan? Mai yin aikin da kansa zai ce maka jiya da yamma, ko tun tsakar dare, wataƙila har ya ƙara da bayanin da ba ka nema ba. Na biyu: ƙarfe nawa baget ke fitowa? Gidan da ya ɗauki baget da muhimmanci ba ya gasa na yini duka da asuba, yana fitarwa sau biyu ko uku, wani da safe, wani wajen azahar, wani da yamma. Ka riƙe lokutan, ka riƙa zuwa bayan minti 30 zuwa awa ɗaya da fitowarsa. Mai zafi ƙwarai bai gama zama ba, tururi na cikinsa har yanzu, in ka yanka tsokar za ta manne wa wuƙa.

Dubi kuma yadda suke ajiye shi. Baget yana tsaye ne a kwando ko a kan katako, iska na dukansa, a ba ka shi a takarda. Duk shagon da ka ga ya ɗaure baget a leda, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko burodin dama ba shi da ɓawon da za a kare. Wata alamar ita ce yawan ciniki. Baget ba ya jira, saboda haka shagon da ke sayar da shi da yawa ne kaɗai zai iya gasa shi sau da yawa. Gidan da ya shahara da kek da kayan zaƙi, baget uku na jingine a lungu, ba nan ba ne.

Kasuwar manoma

A nan zan ɗan saɓa wa abin da mutane suka ɗauka. Masu kawo burodi kasuwar manoma sau da yawa ƙwararru ne, fulawarsu mai kyau, kwaɓinsu na tsami mai dogon zama. Amma kasuwar ba ta dace da baget ba. Yi lissafi: wanda zai kafa rumfa ƙarfe takwas na safe ya gama gashi wajen huɗu ko biyar na asuba, wani ma tun daren jiya, sannan ya loda a akwatuna cikin mota. In an rufe burodin da sauran ɗuminsa, tururinsa ya jiƙa ɓawon tun a hanya. Kai kuma ka iso ƙarfe sha ɗaya, ka kai gida, ka ci da rana. Burodin ya yi awa takwas ko fiye, alhali ganiyar baget ba ta wuce awa huɗu zuwa shida. Siririn jikinsa ne ya jawo haka: ɓawo ya yi yawa a kan tsoka kaɗan, ruwa yana fita da sauri.

Idan a can kake so ka saya, ka je da buɗe kasuwa, ka tambayi lokacin da aka gasa, ka kuma tabbatar mai rumfar shi ne mai gashin ba sari ya yi ba. Ka tambaya ko da yis aka yi ko da kwaɓin tsami. Na tsami ya fi jure awanni, amma ɓawonsa ya fi kauri, ya fi sa tauna, tsaminsa kuma yana fitowa. Burodi ne mai kyau, sai dai mai yiwuwa ba shi ne ɗanɗanon da kake tunawa ba, domin yawancin baget ɗin da ake ci yau da kullum a Faransa na yis ne. Shawarata a kasuwar manoma ita ce ka sayi babban curin burodi mai zagaye, wanda ke kwana uku yana nan da daɗinsa, sannan ka tambayi mai rumfar inda tandarsa take da ranar da yake gasa baget, ka bi shi can.

Bayan ka saya

Ka bar shi a takardarsa, kada ka sa a leda, kada kuma ka sa a firji. Sanyin firji yana hanzarta sandarewar sitaci, burodin ya tsufa fiye da in an bar shi a kan tebur. A ranar da iska ke da laima ɓawon zai yi laushi da wuri ko da burodin na ƙwarai ne, a lokacin bushewa kuma zai yi tauri da wuri, don haka kada ka yanke wa gidan burodi hukunci da saye ɗaya. Gwada sau biyu ko uku, a lokuta dabam-dabam. Alamomin da na lissafa suna taimaka maka ka tsame marar kyau ne, amma akwai baget mai kyan gani da gishirinsa ya gaza, akwai kuma mummuna mai daɗi, wannan kuwa harshe ne kaɗai zai raba gardama.

Wanda ya yi laushi ko ya fara tauri ana farfaɗo da shi. Yayyafa masa ruwa a baya, ko ka wuce da shi ta ƙarƙashin famfo da sauri, ka sa a tandar da ta riga ta yi zafin digiri 190 zuwa 200 na minti 5 zuwa 8. Sau ɗaya ake yin haka, kuma a ci nan take, don in ya sake hucewa ya fi da tauri. Idan gidan burodin da ka samu yana da nisa, sayi da yawa, ka bari su huce sarai, ka yanka kowanne biyu ko uku, ka naɗe sosai yadda iska ba za ta shiga ba, ka sa a firiza a ranar da ka saya. In za ka ci, daga firiza kai tsaye zuwa tanda mai digiri 180 na minti 10 zuwa 12, sannan ka ba shi minti biyar a kan raga kafin ka yanka.